Ku Tambayi Kawu: Rajistar baftisma, kujerar Paparoma da masu zuwa ziyara a ƙafa

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonnin wannan karon sun taru har sun yi tsibi, kuma kusan duk kan harkar coci ne da ziyara, shi ya sa na ce bari in haɗa su wuri ɗaya. Waɗanda suka turo rigimar surukai ku ƙara haƙuri, ba mantawa na yi ba. Kamar kullum ba na sa sunan kowa sai laƙabin da mutum ya ba kansa.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Ni dai inada biki nan da wata 4, munje wajen Fada a fara shiri sai yace sai na kawo sabon satifiket na baftisma daga cocin da akamin baftisma, kuma wai wanda bai wuce wata 6 da fitarwa ba. Kawu inada katina fa, mamata ta ajiye min shi cikin Littafi Mai Tsarki tun ina jaririya ko lanƙwasa baiyi ba, kuma cocin nan rabona dashi tun ina 'yar shekara 5, toh meye na wahalar da mutum, ko dai hanyar karɓar kuɗi ce kawai? Amarya mai jiran rana.

Amsa: 'Yata Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya. Fada bai cuce ki ba. Katin da mamanki ta adana abu ɗaya ya sani, an yi miki baftisma ranar kaza a wuri kaza, daga nan bakinsa ya mutu, bai san me ya same ki ba a duk shekarun da suka biyo baya. Wadda ta sani ita ce rajistar baftisma ta cocin can da kika baro.

Na yi shekaru ina zaman ofishin farish, wato cocin yanki da ke ƙarƙashin Fada, kafin gwiwa ta ce in huta, don haka littafin nan na san shi kamar yunwar cikina. Ƙaton littafi ne mai faɗi, kowane mutum layinsa guda, sunansa, na uba da uwa, na wanda ya tsaya masa, ranar haihuwa, ranar baftisma, sa hannun Fada, sai can ƙarshen layin ta hannun dama a bar wani fili ba komai. Filin nan shi ne maganar gaba ɗaya. Duk inda kika je a duniya aka yi miki konfameshan, wato tabbatar da bangaskiya bayan baftisma, za a aiko takarda a cike a nan. Kin yi aure, a nan za a rubuta. Namiji ya zama fada, mace ta yi wa'adin zama sista na har abada, ko kotun coci ta yanke cewa wani aure tun asali bai ɗauru ba, duk nan ake dawowa da shi. Dokar coci ta 1983 ce ta tanadi haka a sashe na 535, amma abin ya girme ta nesa, tun 1563 babban taron Trent ya wajabta wa kowane farish ajiye rajistar baftisma da ta aure, saboda a zamanin mutum kan yi aure a ɓoye a gari ɗaya ya tsallake wani garin ya sake yi, mata da 'ya'ya su rasa wanda zai shaide su. Toh sabon satifiket ɗin da ake nema hoton layinki ne yadda yake yau, ya nuna filin auren nan babu komai a ciki. Angon ma za a nemi nasa, kuma ni da nake ke nasa ɗin zan fi matsawa in gani.

Bari in tona wa kaina asiri. Wata shekara takardar aure ta zo mana daga wani gari, na buɗe rajista da yamma ido ya gaji, wa da ƙane ne aka yi musu baftisma rana ɗaya layinsu na bin juna, sai na ɗora auren wan a layin ƙanen. Ba wanda ya lura. Bayan shekara 3 ƙanen ya tashi nasa auren, na cike masa satifiket ina kwafa daga littafi hankalina kwance, yaron nan ya karanta ya ɗago ya ce Kawu yaushe na yi aure ban sani ba? Dangin yarinyar kuwa saura ƙiris su fasa, sai da Fada ya sa hannu a gyaran ya kuma kira su da kansa. Tun daga ranar nake ɗora rula a ƙarƙashin layi kafin biro ya taɓa takarda.

Ba lallai ki yi tafiyar da kanki ba, ki roƙi ofishin farish ɗinku su rubuta wa wancan, ki ba su cikakken suna yadda aka rubuta a tsohon katin ko da an yi kuskuren harafi, da sunan iyaye da shekarar. In an rufe cocin ko an haɗe shi da wani, littattafan na wajen wanda ya gaje shi ko a ofishin dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi. In kuma gobara ko gara ta cinye, shaidar mutum ɗaya amintacce da ya ga baftismar tana iya wadatarwa, ga mamanki nan da rai. Kuɗi kuwa, ana iya karɓar ɗan abin takarda, amma doka ta hana a hana mutum sakramenti, irin su baftisma da aure, don ba shi da hali. Ki fara gobe, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Kawu gardama ce ta kaure tsakanina da abokina har mun sa caji, ni nace cocin Waliyi Bitrus na Batikan shine katidiral ɗin Paparoma tunda shine mafi girma kuma nan muke ganinsa a talabijin, shi kuma yace a'a. Ka raba mu. Ɗalibi mai gardama.

Amsa: Ɗana ka saya wa abokinka kati, ya ci. Girman gini ba shi ke sa coci ya zama katidiral ba, kujera ce. Kalmar kanta daga Girkanci ta fito kuma ma'anarta kujera, wato inda bishop yake zama ya koyar, kowane dayosis kujera ɗaya coci ɗaya. Paparoma bishop ne na Roma, kujerarsa kuwa tana cocin Waliyi Yohanna na Lateran, can wani ɓangaren birnin, wanda aka keɓe tun shekara ta 324 zamanin sarki Konstantin. A gabansa an rubuta cewa shi ne uwa kuma shugaban dukkan coci-coci na birnin da na duniya, ana kuma bikin keɓe shi ranar 9 ga Nuwamba a kowane farish na Katolika. Shi ya sa Paparoma Leo na 14 da aka zaɓa 8 ga Mayu 2025, bayan 'yan makonni sai da ya je Lateran ya zauna kan kujerar nan.

Na Bitrus ɗin basilika ne, an gina shi kan wurin da aka yi imani nan kabarin Manzo Bitrus yake, ginin da kake gani yanzu an fara shi 1506 aka keɓe shi 1626, shekara 120 cif. Basilika lambar girma ce da Paparoma ke ba coci saboda tarihinsa ko yawan masu ziyara. Manya guda 4 ne duk a Roma, Lateran, Bitrus, Bulus na bayan ganuwa, da babban cocin Maryamu inda aka binne Paparoma Francis a 2025, sauran na duniya duk ƙanana ake ce musu komai girmansu. Ka ɗauki na Yamusukuro a Kodebuwa, tsayinsa mita 158, wasu ma na lissafa shi a matsayin coci mafi girma a duniya, amma kujerar bishop ɗin garin tana wani coci ne daban da bai kai ko kusa da shi ba. Haka Sagrada Familia na Barselona da ake ta gini tun 1882, duk ɗan yawon buɗe ido yana ce masa katidiral, alhali ba shi ba ne.

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni Musulmi ne amma bana wuce shafinka. Abu biyu ke ɗaure min kai, na farko ina ganin coci da makarantun Katolika da sunan Fatima, shin Nana Fatima 'yar Manzon Allah ake nufi ko yaya? Na biyu kuma, ziyarar da kuke zuwa farilla ce a kanku kamar yadda Hajji yake a kanmu? Nagode. Maƙwabci.

Amsa: Wa alaikassalam Malam, na gode da wannan tambaya, matambayi ba ya ɓata. Fatima da kake gani a jikin coci sunan gari ne a ƙasar Fotugal. A 1917 wasu yara 3 makiyaya, Lusiya da 'yan uwanta Faransisko da Jasinta, suka ce Maryamu uwar Yesu ta bayyana gare su, daga 13 ga Mayu har 13 ga Oktoba, tana cewa a yi addu'a a tuba, lokacin kuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya na kan ci. Biyu daga cikinsu ba su daɗe ba, annobar mura ta ɗauke Faransisko a 1919, Jasinta a 1920, Lusiya ce ta yi tsawon rai ta zama sista ta rasu 2005. Don haka in ka ga an rubuta Uwargidanmu ta Fatima, Maryamu ake nufi, an jingina ta da garin ne. Amma hasashenka bai faɗi ƙasa banza ba, sunan garin daga sunan nan na Larabci ya samo asali, Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru suna mulkin yankin, mutanen wurin ma suna da labarin wata gimbiya Musulma mai suna Fatima da aka sa wa garin sunanta, labarin baka ne dai. Wurin ya ƙara suna bayan da aka harbi Paparoma John Paul na 2 ranar 13 ga Mayu 1981, ya ga ranar ta zo daidai da ta Fatima, da ya warke ya ba da harsashin aka saka shi cikin kambin da ke kan siffar Maryamu a can.

Ta biyun kuma, a'a, ba farilla ba ce. Ɗan Katolika zai iya rayuwa ya mutu bai taɓa taka Roma ko Kudus ba kuma ba abin da ya ragu a addininsa, ba shi da wani laƙabi da zai samu in ya je, ba kuma wuri ɗaya aka ɗaure shi da shi ba. Abin da aka wajabta masa a kusa yake, Mas ranar Lahadi da manyan ranaku, furta zunubi akalla sau ɗaya a shekara, karɓar Jibi, wato gurasar da ake keɓewa a Mas, a lokacin Ista, azumin ranakun da aka sa, da taimakon coci gwargwadon hali. Kai ko bayyanar Fatima ɗin ma coci cewa ta yi ta cancanci a gaskata, ba ta ce dole ba. Abin da ya ɗan yi kama da taron shekara shi ne Jubili, wanda aka fara a 1300 kuma yanzu ake yi duk shekara 25, ana buɗe wata ƙofa ta musamman a manyan basilika na Roma mutane su bi ta ciki, na baya-bayan nan shi ne na 2025, shi ma wanda bai je ba bai yi laifi ba.

Tunda kai ne, ga ƙari biyu. Cocin Kabari Mai Tsarki a Kudus, wanda Kiristoci ba su da wurin da ya fi shi, makullinsa na hannun gidajen Musulmi biyu ne tun ɗaruruwan shekaru, gidan Judah ke ajiye makullin, gidan Nusaiba ke buɗe ƙofa. A babban birnin Aljeriya kuma akwai wani basilika a kan tudu yana kallon teku, an buɗe shi 1872, a bangon bayan bagade an rubuta roƙo ga Maryamu cewa ta yi addu'a domin mu da kuma domin Musulmi.

Tambaya: Kawu ina cikin damuwa. Mahaifiyata shekara 2 kenan tana kwance, asibiti sunyi iya nasu, ita kuma ba abinda take faɗa sai Lurd, wai in ta shiga ruwan nan zata tashi. Ni kaɗai ne namiji, ina tunanin in saida ɗan filin da baba ya bar mana in ƙara da bashi in kaita, ƙannena mata sun ƙi, suna cewa in ta rasu a hanya fa, ni kuma ina tsoron kar ta tafi da wannan burin a ranta ya zama ni na hana ta. Me kake gani? Ɗa mai neman albarka.

Amsa: Ɗana sannu, Allah ya ba Mama sauƙi, ya saka maka da wannan zuciyar. Zan gaya maka yadda wurin yake tukuna sannan in faɗi ra'ayina.

Lurd ƙaramin gari ne a kudancin Faransa gindin duwatsu. A 1858 wata yarinya 'yar shekara 14, Bernadette, 'yar gidan talakawa tilis, ta ce ta ga wata mace, wadda coci ta yarda Maryamu ce, a bakin wani kogo har sau 18, tsakanin 11 ga Fabrairu da 16 ga Yuli, a ɗaya daga ciki ta tona ƙasa da hannu ruwa ya ɓuɓɓugo, shi ne ruwan da ake magana. An gwada shi, ruwan marmaro ne kamar kowane, kuma kyauta ake ɗiba a famfo, duk wanda ya ce maka ga kwalba ka biya kuɗin waraka ɗan damfara ne. Miliyoyin mutane na zuwa duk shekara. Tun 1883 akwai ofishin likitoci a wurin da aikinsa kawai bincikar masu cewa sun warke, sai an tabbatar cutar mai tsanani ce kuma akwai takardun asibiti, warakar ta zo farat ɗaya, ta cika, ta ɗore shekaru, ba kuma magani ne ya kawo ta ba, daga nan wani kwamitin likitoci na ƙasa da ƙasa ya sake dubawa, sannan bishop ɗin garin mutumin ya yanke. Sama da mutum 7,000 sun kai labarin warkewa, waɗanda coci ta amince da su a matsayin mu'ujiza 70 ne da 'yan kai. Ta 70 ɗin wata sista ce 'yar Faransa da ta warke a 2008, ba a sanar ba sai 2018. Ita kanta Bernadette da ta tono ruwan ba ta warke ba, asma da tarin fuka suka yi ta cin ta har ta rasu a 1879 tana da shekara 35.

Ba don in kashe maka gwiwa na kawo lissafin nan ba. Yawancin masu zuwa suna komawa gida da ciwonsu, amma suna faɗin wani abu da suka samu, a can mara lafiya shi ne a sahun gaba, matasa 'yan sa kai ke tura kekunansu, da dare a fito da kyandir ana zagaye ana waƙa kowa da yarensa, mutumin da ya shekara a ɗaki ana jin nauyinsa sai ya ga yau shi ake yi wa hidima da murna. Wannan abu ne mai daraja. In da kuɗin na nan a ajiye kuma likitanta ya ce za ta iya jirgi, da na ce ku bi ayarin dayosis mai tafiya da nas, ku je.

Amma filin marayu da bashi, a'a ɗana, ban goyi baya ba, kuma filin ba naka kai kaɗai ba ne. Ka zauna kusa da Mama ka tambaye ta a hankali me take nema a Lurd ɗin, sau da yawa za ka tarar tsoro ne da kaɗaici. Ka je wajen Fada ka ce a zo a shafa mata man marasa lafiya, wannan ba na mai shirin mutuwa ba ne kawai yadda mutane ke ɗauka, a riƙa kawo mata Jibi gida, 'yan ƙungiyarta su zo su yi rosari a gefen gadonta, in akwai mai zuwa Lurd ya ɗebo mata ruwan. 11 ga Fabrairu ita ce ranar marasa lafiya ta duniya a coci, farish da yawa na yin Mas na musamman, ku ɗauke ta ku kai ta ko a kujera ne. Maganin asibiti kuma kar a tsayar ko na kwana ɗaya.

Tambaya: Ƙanena, an ɗauke mana Fadanmu bayan shekara 7, mutumin da ya san sunan kowane jikana, wanda aka kawo kuma ko murmushi baya yi. Mu 'yan kwaya munce zamu rubuta wa bishop a dawo mana da namu. Tsohuwar 'yar alto.

Amsa: Yaya ina gaisuwa. Ku rubuta in kuna so, amma ta godiya, ita za ta fi amfani a fayil ɗinsa. Ranar da aka naɗa shi fada ya sa hannuwansa cikin na bishop ya yi alkawarin biyayya, bishop ke turawa bishop ke ɗaukewa, a ƙasashe da dama ma wa'adin shekara 6 ake ba su, in sun kai 75 kuma a nemi su miƙa takardar ajiye aiki. Sabon kuwa ku ba shi wata 6, baƙo ne, ya shigo gidan da kowa ke kukan wanda ya tafi, ko ni ne ba zan yi murmushi ba. Ku gayyace shi firaktis.

Tambaya: Kawu ni abin na bani haushi, coci ya ƙone a Paris cikin kwana kaɗan an tara ɗaruruwan miliyoyi, ga mutane na mutuwa da yunwa, wannan shine koyarwar Yesu? Matashi mai tambaya.

Amsa: Ɗana haushinka bai ɓata min rai ba, Faransawa da yawa ma sun faɗi haka a lokacin. Notre-Dame ya kama wuta 15 ga Afrilu 2019, rufin katako da dogon tsinin suka zube, aka tara sama da Yuro miliyan 800, aka sake buɗe shi 7 ga Disamba 2024. Abin da mutane ba su cika sani ba, ginin ba mallakar coci ba ne, bisa dokar 1905 da ta raba addini da gwamnati yana hannun gwamnatin Faransa, coci amfani kawai take yi da shi, kuɗin kuma ba daga baikon Lahadi ya fito ba, attajirai da kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane ne, da yawansu ko Mas ba sa zuwa, tarihin ƙasarsu suke ceto. Ko da ba a gyara ba, ban ga alamar kuɗin nan zai tafi bakin mayunwata ba.

Su waɗannan tsofaffin coci na tsakiyar birni ba mutum ɗaya ya gina su ba. Na Paris an sa harsashinsa 1163 aka kusan shekara 200 ana yi. Na Kolon a Jamus an fara 1248, kuɗi ya ƙare aka bar shi da injin ɗaga dutse na katako a kan hasumiya ɗaruruwan shekaru, ba a gama ba sai 1880, shekara 632, wanda ya sa tubalin farko ko jikan jikansa bai ga ƙarshe ba. Kuma dab da Notre-Dame akwai tsohon asibitin Hôtel-Dieu da coci ta kafa don talakawa.

Inda nake tare da kai shi ne irin na Yamusukuro. Shugaba Houphouët-Boigny ya gina shi cikin 'yan shekaru a mahaifarsa, da marmara da gilashi na ƙasar waje, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ke cikin matsi, kuma yawancin ranaku kujerun a wofi suke. John Paul na 2 ya keɓe shi a 1990 bisa sharaɗin a gina asibiti a gefe, asibitin sai da aka shafe sama da shekara 20 kafin ya samu. Ni wannan bai taɓa kwanta min ba. In kana son tambayarka ta yi aiki, ka kai ta inda za a ji ka, dokar coci ta wajabta wa kowane farish ya kasance da kwamitin kuɗi, ka tambaya nawa ke tafiya gini nawa ke tafiya ga gwauraye da marasa lafiya, da ladabi, a gaban taro.

Tambaya: Kawu me yasa Kirsimeti baya motsi amma Ista kullum sai ta canza rana? Kuma tokar da ake shafa mana daga ina take? 'Yar aji 3.

Amsa: 'Yata Kirsimeti rana yake bi, Ista wata take bi. Lahadin farko bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris, don haka ba ta sauka kafin 22 ga Maris ba ta wuce 25 ga Afrilu. In ta motsa duk 'yan rakiyarta sai su motsa, Larabar Toka kwana 46 kafin ta, in kin cire Lahadi 6 da ba a azumi saura 40, Fentikos, bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki, kwana 50 bayanta, bikin Jiki da Jinin Kristi da ake fita zagaye da shi a titi, wanda Paparoma Urban na 4 ya sa a 1264, kwana 60 bayanta, kodayake wurare da yawa na mai da shi Lahadi. Tokar kuma ganyen dabinon da kuka ɗaga bara ne ranar Lahadin Dabino, ake tarawa a ƙone a tankaɗe.

Tambaya: Kawu naga bidiyon mutane suna tafiya a ƙafa sati da sati zuwa Yuganda wasu kuma a Sifaniya, abin ya shiga raina inaso inyi ko sau ɗaya, wanne zan fara kuma me zan shirya? Mai ƙafar yawo.

Amsa: Ɗana na Yuganda ɗin Namugongo ne kusa da Kampala, ranar 3 ga Yuni. Tsakanin 1885 da 1887 sarkin Buganda Mwanga na 2 ya sa aka kashe Kiristoci, yawancinsu samari masu hidima a fadarsa, 22 'yan Katolika 23 'yan Angilika, babban rukunin an ƙone su da rai ranar 3 ga Yuni 1886, shugabansu Charles Lwanga, ƙaraminsu Kizito bai wuce shekara 14 ba. Paparoma Paul na 6 ya sa su cikin waliyyai a 1964 ya kuma zo ƙasar da kansa a 1969. Ranar hutu ce a Yuganda, mutane na takowa daga Kenya da Tanzaniya da Kongo, ayari-ayari, suna kwana a farish ɗin da dare ya riske su. Ka je da shirin cunkoso da kwanan waje.

Na Sifaniya kuma hanyar Santiyago ce, zuwa cocin da ake cewa nan kabarin Manzo Yakubu yake. Shahararriyar hanyar daga iyakar Faransa ta kusa kilomita 800, wata guda da 'yan kwanaki, amma don a ba ka takardar shaida kilomita 100 na ƙarshe a ƙafa sun isa, ko 200 a keke, za a ba ka ɗan littafi kana karɓar hatimi a coci da masauki, sau 2 a rana a wannan zangon na ƙarshe. A 2024 kusan mutum 500,000 suka karɓi takardar. Bikin 25 ga Yuli ne, in ya faɗo Lahadi shekarar ta zama ta musamman, kamar 2027. Sai dai maganar biza da kuɗin masauki ba wasa ba ce.

Ni shawarata ka fara da ta dayosis ɗinku, kusan kowanne na da wurin da ake takawa sau ɗaya a shekara, ka gwada ƙafarka a tafiyar yini guda ka ga yadda kai da ita za ku kwashe. Ni a tawa ta farko sabon takalmi na saya musamman don kar in ji kunya a hoto, kafin azahar ƙafa ta yi bororo biyu kamar ƙwai, wata tsohuwa da ke gabana da silifas ɗinta da ya sha ɗinki ta juyo ta kalle ni ta miƙo min man shafawa da tsumma ba ta ce komai ba, ta ci gaba da jan rosarinta, ni kuma na ƙarasa a bayan motar da ke ɗaukar kayan kwaya, zaune kan ganga. Ka tafi da takalmin da ya saba da kai, safa 3, hula, gorar ruwa, kaya kar su wuce abin da za ka iya ɗauka da gudu, katin shaidarka kuma a cikin leda saboda ruwan sama.